Fam ɗin Santiago

A Valparaíso gidaje kan hau dutse kamar awaki.
Nawa na can sama, inda tsohon keken ƙarfe ke tsayawa yana haki.
Daga taga ina hango tashar jiragen ruwa,
kwantena ja, kwantena shuɗi,
duk wanda ƙugiya ta ɗaga, umarnina ta bi.
Ni na rubuta manhajar da ke jera su,
kuma ba malamin da ya taɓa zaunar da ni.

A kicin ɗin Goggo Herminda na koya,
kan kwamfutar da wani ma'aikacin jirgi ya jinginar, bai dawo ba.
Maɓallin harafi ɗaya ya mutu,
shekara biyu cur ina aro shi daga wani layi ina liƙawa.
Kuskure ne ya raine ni.
Ba ya duka, amma ba ya yafiya.

Yau shekarata talatin da shida.
In na'ura ta yi gardama da tsakar dare, ni ake tasowa.

Ran Laraba wani yaro, Nahuel Painemal,
tawadar digirinsa ko bushewa ba ta yi ba,
ya tsaya bayana yana duban aikina na wata takwas.
Ya ce, “Doña Eliana, ai wannan yana da suna,
an warware shi tun ba a haife mu ba.”
Ya ja layi uku a jikin gilashi.
Ashe rijiya nake haƙa a bakin kogi.
Na nemi haushinsa a raina, ban samu ba.
Ƙishirwa na samu.

Shi ya sa fam ɗin jami'a ke kwance kan teburina,
kofin shayi ya yi masa zobe biyu.
Shekara biyu, in ji su.
Motar Santiago da asuba, a dawo gari ya yi shiru.
Kuɗin ya kai na gyaran rufin da ke yoyo kan gadon Amaranta,
ita kuwa bana ta shiga aji shida,
tana son a riƙa tambayar ta yadda makaranta ta tashi.

Ximena ta ce hauka ne:
“Takarda ba ta rubuta manhaja.
Za ki zauna bayan yaran da kike gyara wa aiki,
ki fito da albashin da kika shiga da shi.”
Ba ƙarya ta yi ba.
An ce gemu ba ya hana ilimi,
ba a faɗi abin da kuɗin haya ke hanawa ba.

Na hau wajen Baba ran Lahadi, yana ɓare lemo.
Ya ce, “Shekara talatin na tuƙa ƙugiya,
ban san lissafin da ke riƙe ta a sama ba,
kuma ko sau ɗaya ba ta faɗi ba.”
Na ɗauki jakata, na ce magana ta ƙare.
Sai da na kai ƙofa ya ƙara, bai ɗago ba:
“Amma kullum in na hau, sai na so in sani.”

Akwai wani gurbi a fam ɗin, wai a faɗi dalili.
Na rubuta ci gaba, na goge.
Na rubuta matsayi, na goge.
Yaya zan ce musu na iya bugu,
wurin bugun ne nake lalube cikin duhu?

Jiya ƙasa ta ɗan motsa, yadda ta saba,
cokula suka yi ƙara suka yi shiru.
Ina shafi na sha huɗu na littafin da Nahuel ya ara mini,
kwana uku a kan hujja ɗaya, ta ƙi ni, na ƙi ta.
Juma'a za a rufe karɓa.
Rufin yana nan yana ɗiga cikin tukunya,
ni kuma ban tashi na zubar ba.